Jinyar Tsinke

Lahadi, bayan la'asar

Na iso gidan Auta. Malam ya sauke ni a bakin ƙofa da jakata, ya ƙi shiga, wai wandonsa sabon guga ne. Ba wandon ba ne, karyar gidan ce yake tsoro. Duk tsawon zamanmu da mijin nan nawa ban taɓa ganin ya hangi kare bai tsallaka ɗaya gefen titi ba.

Gobe za a kwantar da Auta a asibiti a fara sa masa magani. Matarsa, wadda nake kira Matarmu tun ranar da aka kawo ta, ita za ta zauna da shi. Ni nawa aikin gida ne, da karyarsa Damisa da 'ya'yanta huɗu. Da ya kira ni shekaranjiya na zaci cewa zai yi in zo in yi jinyarsa. Sai ya ce, "Yaya, jinyata akwai mai yi. Karnukan ne ba su da kowa." Ƙanena ne, ni na goya shi bayan rasuwar Inna, kuma aikin da ya ga ya dace da ni ke nan. Na rufe shagon ɗinkina na taho.

Damisa suna ne kawai. Kyanwar maƙwabta tana korar ta daga kan kwanonta. 'Yan kwikwiyon suna ɗakin ajiya na bayan kicin, a kan tsohon bargo, tsakanin naɗin wayoyin wuta na aikin Auta. Ya tsuguna yana nuna mini su ɗaya bayan ɗaya: Sarkin Ci, Mai Safa mai fararen ƙafafu, Baƙi, sai ƙaramarsu Tsinke, wadda ba ta da komai sai ƙaton ciki da kunnuwa. Da ya zo miƙewa sai da ya dafa bango. Na juya ina duba kwanukan abincinsu.

Sunan da likita ya kira ciwon ba zan rubuta shi a nan ba. Na ji shi sau ɗaya, ya ishe ni.

Litinin, da hantsi

Sun tafi. Matarmu ta dawo daga bakin mota har sau biyu, wai ta manta filas, alhali yana hannunta.

Litinin, da yamma

Likitar dabbobi ta zo a babur, yarinya ce siririya mai saurin magana. Auta ne ya shirya da ita tun makon jiya ta ba 'yan kwikwiyon maganin tsutsar ciki. Ta sa kowanne a jakar yadi ta rataya a sikeli, ta ja maganin a sirinji daidai nauyinsa, ta ce in riƙe mata. Na ce ban taɓa riƙe kare ba. Ta ce, "Mama, kamar jariri ne, sai dai shi ba ya jan ɗan kunne."

Na riƙe. Ɗumi gare su, zuciyarsu tana bugawa a tafin hannu da sauri kamar ƙaramin agogo. Sarkin Ci ya lashe nasa har yana neman ƙari. Tsinke ta yi ta juya kai, maganin ya ɓata mata haɓa.

Likita ta danna cikin Tsinke da yatsa ta ce wannan ba ƙiba ba ce, tsutsa ce ta cika shi. Ta ce kada in tsorata in na ga zawo ko amai yau da gobe, ko na ga tsutsar ta fito, ko sun ƙi cin abinci. Amma in na ga jini, ko aman ya ƙi tsayawa, ko ya wuce kwana biyu, in kira ta ko tana ina. Ita ma Damisa an ba ta nata a cikin nama.

Na wanke hannuna da sabulu har sai da suka yi fari.

Talata, da asuba

Na buɗe ɗakin ajiya na mayar na rufe. Na je na ɗaura ɗankwali a hanci na dawo.

Talata, wajen azahar

Duk huɗun sun yi zawo. Tsutsar kuwa ta fito, farare, dogaye, kamar zaren ɗinkin buhu, wasu har suna motsi. Ban san ƙaramin ciki irin wannan zai ɗauki abu haka ba. Na kwashe da tsohon faranti, na zuba ruwan zafi, na wanke ɗakin, na shanya bargon a katanga. Kafin ya bushe sun ɓata buhun da na shimfiɗa musu.

Matarmu ta kira. An sa masa, ruwa ne ja a leda, yana ɗiga a hankali. Ta ce da farko har yana tsokanar nas, yana cewa soket ɗin da ke bayan gadonsa wanda ya haɗa shi ba ya tsoron Allah. Daga baya ya yi shiru. Na ce ya ci abinci? Ta ce, "Yaya, ya karnuka?"

Na wanke tsakar gida.

Laraba, da safe

Uku sun warware. Sarkin Ci ya tura kai cikin kwano har kunnuwa, Mai Safa da Baƙi suna kokawa a kan takalmina. Tsinke tana kwance a kusurwa. Na kai mata farar shinkafa da na dafa ta yi laushi da ɗan naman kaza, yadda Likita ta ce, ta shinshina ta kau da kai. Nonon uwar ma ta kama ta saki.

Laraba, bayan la'asar

Ta yi amai, da tsutsa a ciki. Can ta sake yi, wannan karon ruwa ne zalla mai kumfa. Zawon kamar an buɗe famfo. Babu jini, na duba da tsinken tsintsiya a hasken rana. Dubi abin da na koma.

Na kira Likita, ta ce in raba ta da sauran, in riƙa ɗiga mata ruwan gishiri da sukari a gefen baki da sirinji, kaɗan-kaɗan, kada in ɗura. In ba ta canja ba zuwa safiya in kai ta. Na sa ta a kwali a kicin kusa da ƙafata. Damisa ta zo ta kwanta a bakin ƙofa, ba ta shigo ba, ba ta tafi ba.

Ban kira asibiti ba yau. Su ma ba su kira ba.

Alhamis, da hantsi

Da gari ya waye na ɗaga fatar wuyanta kamar yadda aka nuna mini, sai fatar ta tsaya a tsaye kamar yadin da aka sa wa sitati. Dasashinta fari fat. Na kira Malam na ce ya zo da mota.

"Auta ne?" ya ce. Na ji muryarsa ta canja.

Na ce a'a, Tsinke ce.

"Wace ce Tsinke?"

Ya dai zo. Ya shimfiɗa jarida a kujerar baya, ya sauke gilasai duka, ya yi tuƙin wuyansa a sanƙare kamar wanda ya ɗauko bam. A hanya ya tambaye ni ko tana numfashi. Da muka kai shatale-tale ya sake tambaya.

Asibitin dabbobin ɗaki biyu ne, da teburin ƙarfe da warin maganin wanke ƙasa. Wani mutum yana zaune da akuya a kan benci, suka kalle mu tare. Likita ta fara yin wani gwaji, ta ce akwai muguwar cutar da ke kama 'yan kwikwiyo da amai da zawo, gara a tabbatar ba ita ba ce. Muka jira. Ba ita ba ce. Ta ce tsutsar ce ta yi yawa, da suka mutu gaba ɗaya sai hanjin ya rikice, ga shi dama ba ta da jiki, ruwanta ya ƙare. Ta yi mata ƙarin ruwa a ƙarƙashin fata, har bayanta ya yi tozo, ta yi mata allurar tsayar da amai.

Na ce da ba a ba ta maganin ba fa?

Ta ce, "Da tsutsar ta cinye ta a tsaye, Mama."

Na ce za ta tashi?

Ta ce in kawo ta gobe a ƙara mata ruwa.

Duk haka suke amsawa, na mutane da na dabbobi.

Juma'a, da yamma

An ƙara mata ruwa da safe. Daga can Malam ya kai ni wurin Auta.

Ɗakin gado shida ne, nasa na jikin taga. Akwai roba a gefen filo an rufe da tawul. Bakinsa duk ya fashe, magana ma da gefe yake yi. Matarmu ta rame fiye da shi. Na ajiye ayabar da na kawo, na ga ya kawar da ido daga kanta, na mayar da ita jaka.

Ya ce ya yaran? Na ce lafiya lau, suna ta ɓarna.

Ya ce, "Yaya, in kina ƙarya mayafinki kike gyarawa."

Na sauke hannuna na gaya masa. Ya saurara ido a rufe. Ya tambayi ko da jini, na ce babu. Ya tambayi launin zawon, na faɗa. Mutumin gadon kusa, wanda ke shan shayi, ya ajiye kofinsa. Auta ya ce in sa ruwan ɗumi a gora in naɗe da tsumma in ajiye mata, ƙanana in sun rasa ruwa sanyi ke kashe su. Wannan ce magana mafi tsawo da ya yi, in ji Matarmu, tun Talata.

Sai ya jawo robar. Na fita baranda. Akwai wata mata tana shanya zanen gado a ƙasa, na tsaya ina kallon yadda take kama bakinsa, ba ta daidaita shi ba ko kaɗan.

Asabar, da azahar

Ba amai. Zawon ya ragu. Ba ta ci ba.

Lahadi, da sassafe

Ina yanka albasa na ji ana karce kwali. Na leƙa, ta dafa gefensa da ƙafafun gaba tana rawar jiki, tana kallon tukunya. Na ɗebo shinkafar a yatsa na miƙa mata. Ta lasa. Ta sake lasa. Ta cije ni kaɗan da haƙoranta masu kama da allura.

Na zauna a ƙasan kicin ina ba ta da yatsa har ta gaji ta yi barci a kan gorar. Albasar ce ta sa ni hawaye, ta Auta mai yaji ce.

Na aika wa Matarmu saƙo: ta ci. Ta amso: shi ma ya sha cokali biyu na shayi.

Talata, bayan la'asar

An sallamo su. Damisa ta ji ƙarar motar tun daga kwana, ta yi ta zagaye kamar za ta haƙa rami. Da ya shigo sai ta tsaya cak, ta shinshina ƙafar wandonsa, ta ja da baya. Ya ce, "Ke ma warin asibitin kika ji?" Ya miƙa mata bayan hannu, can ta matso ta sa kanta a gwiwarsa.

Likitansa ya ce ya rage cuɗanya da dabbobi, jininsa ya yi ƙasa, ƙaramin abu zai iya kama shi. Kashinsu kuwa ko kusa. Saboda haka zamana ya ƙaru. Na gaya wa Malam ta waya, ya ce shi dama ya saba da ƙwai da burodi.

Mun sa wa Auta kujera a inuwar baranda, daga nan yake ba da umarni.

Laraba, da hantsi

Sarkin Ci ya cinye rabin soson wanke-wanke, ya amayar da shi a kan tabarmar Matarmu, ya koma yana neman sauran rabin.

Alhamis, da yamma

Muna zaune a baranda ina tsinke zaren wani tsohon siket na Matarmu, sai Auta ya ce, ba tare da ya kalli kowa ba, shi fa ba zai koma ba. An ce ya dawo a ƙara masa zagaye na biyu ranar Litinin ta sama, bayan wannan kuma akwai wasu. Ya ce wanda aka yi ya isa. Ya ce ciwon bai taɓa yi masa abin da maganin ya yi masa ba.

Matarmu ta tashi ta shiga kicin. Na ji ta buɗe famfo, ta bar shi yana zuba.

Na ce, "Auta."

Ya ce, "Yaya, don Allah."

Tun yana yaro in ya ce don Allah da wannan muryar, an gama. Haka ya bar makarantar kwana, haka ya auri Matarmu, haka ya kawo kare gidan nan. Biyu daga ciki sun yi kyau.

Na wanke tsakar gida, ko da yake da safe na wanke.

Juma'a, da safe

Gashinsa ya fara zuba. Na gani a kan filo lokacin da nake cire rigar filon. Na kakkaɓe a bayan gida, na wanke, ban ce wa kowa ba. Da na dawo na tarar ya sa hula.

Asabar, wajen azahar

Tsinke ta koma cikin 'yan'uwanta. Ƙaton cikin ya saɓe, yanzu sai ka ga ashe tana da ƙugu. Har yanzu a kwanonta daban nake ba ta, kaɗan-kaɗan sau da yawa, ina haɗa shinkafar da abincinsu na buhu, kullum ina ƙara na buhun. Ranar da na yi gaggawa na ƙara da yawa cikin ya sake ɓaci, na koma baya. In na shiga kicin tana bina, in na tsaya ta zauna a kan ƙafata.

Malam ya zo gaida Auta. Ya shigo har baranda, yana tafe yana bin bango. Sun daɗe suna hira a kan janareton makarantarsu ta da. Mai Safa ya kwance masa igiyar takalmi bai sani ba.

Lahadi

Ba abin rubutawa. Matarmu ba ta yi masa magana, shi ma ba ya yi mata, amma ita ke gauraya masa ruwan kurkure baki, shi kuma yana karɓa.

Litinin, da yamma

Likitar dabbobi ta dawo. Ashe maganin ba sau ɗaya ba ne, bayan mako biyu ake maimaitawa. An gaya mini tun farko, na ajiye shi a inda ba zan tuna ba.

Aka ba ukun. Da aka zo kan Tsinke na ɗauke ta na ce wannan a bar ta. Na ce ni na kwana da ita a kicin, ni na ga idonta ya faɗa, ba wanda zai sake ɗura mata abin nan. Likita ta ce ta zo da wani iri mai sauƙi, za a auna ta sabo, a ba ta bayan ta ci abinci, kuma yanzu tsutsar ba ta kai ta da ba. Na ce na ji, a bar ta.

Sai Auta ya yi magana daga kujerarsa. Ya ce, "Yaya, ba ta. Na farkon manyan ya kashe. Akwai ƙananan da bai samu ba, suna nan suna girma. In kika tsaya a nan, duk wahalar da ta sha ta tashi a…"

Bai ƙarasa ba. Matarmu tana tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu. Likita ta sunkuya tana neman wani abu a jakarta.

Ya ce, "Kada wanda ya kalle ni."

Na mayar da idona kan Tsinke.

Ya ce, "Ita ba ta san abin da ke zuwa ba. Ni na sani."

Ya tashi ya shiga ɗaki yana dafa bango. Na ba Tsinke shinkafa, na riƙe ta, aka ba ta maganin.

Talata, da safe

Ta yi zawo sau ɗaya, mai ɗan kauri. Ta ci rabin kwano. Na zauna kusa da ita da sirinji a hannu, ba a buƙace shi ba.

Laraba, bayan la'asar

Na ce wa Matarmu ta shirya mu je kasuwa. A mota na ce wa Malam asibiti.

Mun daɗe a benci kafin likitan Auta ya samu sarari. Dattijo ne mai furfura a gira. Matarmu ta kasa magana, sai ni na yi. Ban san komai a kan ciwon nan ba, amma makonnin nan sun koya mini irin tambayar da ake yi. Na ce ba wani iri mai sauƙi? Na ce ba abin da za a ba shi kafin a sa, don aman? Na ce ya rame, an sake auna shi? Na ce bakin fa?

Ya cire tabarau ya ce ai da ma haka ake yi, zagayen farko shi ke nuna musu yadda jikin mutum yake ɗauka. Akwai maganin amai da ya fi wancan ƙarfi, za a fara shi tun kafin a sa ruwan. Za a sake auna shi a daidaita. Ya ce ba zai yi mana alkawarin ba zai sha wuya ba, zai sha. Na tambayi ɗaya tambayar, wadda ban yi niyya ba. Ya amsa mini da gaskiya, ba duka mai daɗi ba, ba duka marar daɗi ba. Wannan ma ba zan rubuta ba.

Mun tsaya mun sayi tumatir don kada mu koma hannu rabbana.

Matarmu ce ta gaya masa, a ɗaki, ƙofa a buɗe. Na ji ta jero komai tiryan-tiryan. Ya ce, "Kasuwar ke nan?" Ta ce ita ce.

Alhamis

Bai ce komai ba.

Juma'a, da hantsi

Bai ce komai ba. Ya gyara fitilar kicin da ta daɗe tana kyaftawa, ni na riƙe masa kujera. Da ya sauko sai da ya zauna ya huta. Ya ce kwan ba shi da laifi, wayar ce ta saki.

Wani abokin aikinsa ya zo ganin Baƙi da Mai Safa, zai ɗauke su in an yi musu rigakafi. Sarkin Ci maƙwabta sun ce suna so, Allah ya ba su haƙuri. Ba wanda ya tambayi Tsinke. Auta ya ce ai tana da mai ita. Na ce wa? Ya ce, "Ki tambayi Malam irin katakon da yake so a yi mata ɗaki."

Asabar, da yamma

Na tambayi Malam a waya, da wasa. Ya ce in dai a bayan gida ne, can wajen tankin ruwa, kuma ba ruwansa da ita.

Lahadi, bayan la'asar

Ina baranda ina yanke wa Tsinke farce, Auta ya fito da baƙin wandonsa na fita a kafaɗa. Ya ajiye mini a cinya.

Ya ce, "Yaya, rage mini ƙugun nan. Ba zan shiga gaban mutane ina riƙe da wando ba."

Na ce yaushe kake so?

Ya ce, "Gobe da safe."

Na ce ya tsaya in gwada. Na zagaya tef a ƙugunsa, na ga lambar, na sa babban yatsa na rufe ta. Ya ce nawa? Na ce ba aikinka ba ne. Ba keken ɗinki a gidan, da hannu na yi, ƙananan ɗinki a jere, na bar yadin a ciki ban yanke ba don a iya buɗewa. Matarmu ta zo ta zauna kusa da ni ta riƙe mini zare, abin da ba ya buƙatar a riƙe.

Litinin, da hantsi

Sun tafi. Wandon ya zauna.

Litinin, gab da magariba

Matarmu ta kira. An sa, an gama. Ya yi amai sau biyu, amma ya sha shayi ya zauna, yanzu yana kwance. Sai na ji muryarsa can ƙasa-ƙasa yana ce mata wani abu. Ta ce, "Haba, a gaban mutane?" Ya sake magana.

Ta ce, "Yaya, wai ki duba masa na Tsinke."

Na ce ta riƙe wayar. Na sa takalmi na zagaya bayan kicin, wurin da take zuwa a gindin katanga. Akwai sauran haske. Na tsuguna na duba kashin da kyau, na juya shi da tsinke.

Na ce, "Ki ce masa ya ɗaure. Ba tsutsa."

Na ji ta faɗa masa. Na ji mutumin gadon kusa ya tambaya ko jikarsu ce, Auta ya ce eh. Matarmu ta fara dariya, dariyar ta juye, na tsaya a gindin katangar da waya a kunne har ta gama.

Ta ce gobe in zo masa da wata hular, wannan ta yi masa yawa.